Ra'ayinmu: Watan Afrilu da Dokar da Ba a Rubuta Ba

A ƙasar Amurka, da zarar sanyin hunturu ya ja da baya a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, sai a buɗe kakar wasan besbol. Ran 15 ga Afrilun kowace shekara kuwa, tun daga 2009, duk ɗan wasan da ya shiga fili a manyan rukunan wasan, da mai horad da shi, da alƙalin wasa, lamba ɗaya ce a jikin rigarsa, watau 42. Lambar Jackie Robinson ce, baƙar fata na farko da ya shiga waɗannan rukunai a ƙarni na 20, a rana irin wannan cikin 1947. Mai yiwuwa ne mai karatu ya ce ina ruwan ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci da wasan da ko dokokinsa bai sani ba. Amsarmu ita ce, tarihin makonnin farko na kakar wannan wasa ya nuna a fili yadda akan hana mutum haƙƙinsa ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba, da kuma yawan shekarun da akan ɗauka kafin a gama rushe irin wannan hani. Duk wanda zai riƙe alƙalami a ofis gobe ya kamata ya san wannan labari.

Bari mu fara da bayanin wasan a taƙaice. Ƙungiya biyu ke karawa, mutum tara-tara. A cikin filin akwai zango huɗu da aka jera kamar kusurwoyin murabba'i, ƙafa 90 tsakanin kowane da mai bi masa. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai gora ya yi ƙoƙarin dukanta; in ya dace sai ya ruga zango na farko, in kuwa ya kewaye zangunan nan duka ya dawo gida, ƙungiyarsa ta ci ɗaya ke nan. Idan ya doki ƙwallon har ta tsallake katangar fili, sai ya kewayo ba mai tare shi, wannan shi suke kira homran. In an fitar da mutum uku sai a juya, masu jifa su koma duka, haka har turmi tara. Manyan rukunan biyu ne, National League da aka kafa cikin 1876 da American League da ta biyo baya cikin 1901, kuma yanzu kowace ƙungiya wasa 162 take yi a kaka guda. Abin da ya bambanta besbol da yawancin wasanni shi ne yawan rubutu. Kowace jifa da kowane bugu akan shigar da su littafi, har ana iya gwada ɗan wasan bana da wanda ya mutu shekara 70 da suka wuce.

Saboda haka mutanen Amurka suna da ranaku da yawa na farkon kaka da suke tunawa da alfahari. Ran 14 ga Afrilu 1910 Shugaba William Howard Taft ya jefa ƙwallon buɗe kaka a Washinton, al'adar da shugabanni da dama suka bi bayansa. Ran 18 ga Afrilu 1923 aka buɗe babban filin ƙungiyar Yankees a Niyok, Babe Ruth kuwa ya yi masa wankan buɗewa da homran. Ran 16 ga Afrilu 1940 wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Bob Feller, mai jifan ƙungiyar Cleveland, ya yi turmi tara a Shikago ba wanda ya sami bugu mai kyau ko ɗaya a kansa, aka tashi ɗaya da babu. A manyan rukunan nan biyu ba a taɓa yin haka a ranar buɗe kaka ba kafinsa, ba a kuma sake ba har yau. Ranaku ne na murna, babu shakka. Amma duk wanda ya duba hotunan 'yan wasan waɗannan ranaku zai ga abu ɗaya ya haɗa su: babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu.

Ba don babu gwanaye ba ne. Tun ran 1 ga Mayu 1884 wani baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, ya yi wa ƙungiyar Toledo wasa a rukunin da a lokacin ake lissafawa cikin manya. Kafin a shiga 1890 an gama ture shi da irinsa gefe. Daga nan har kusan shekara 60 masu manyan ƙungiyoyi suka riƙe wata yarjejeniya a tsakaninsu wadda ba ta cikin kundin dokokin wasan. Hasali ma, cikin 1942 kwamishinan wasan, Kenesaw Mountain Landis, ya fito ya gaya wa 'yan jarida cewa babu wata doka da ta hana kowace ƙungiya ɗaukar baƙar fata. A takarda ba a iya ƙaryata shi, gama ba a taɓa rubuta dokar ba balle a nuna masa ita. Ganin haka baƙaƙen fata suka kafa nasu rukunan, tun daga wanda Rube Foster ya assasa a Kansas City cikin 1920, inda irin su Satchel Paige da Josh Gibson suka yi suna. Gibson ya rasu cikin Janairu 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin a buɗe ƙofar da aka hana shi shiga.

Akwai wata ranar Afrilu da ba a yi wa biki, alhali kuwa ita ta fi cancanta ma'aikaci ya yi nazarinta. Ran 16 ga Afrilu 1945 ƙungiyar Red Sox ta birnin Boston ta gayyaci 'yan wasa uku baƙar fata, Jackie Robinson da Sam Jethroe da Marvin Williams, wai su zo a gwada su. Ba don son ranta ta yi ba. Wani ɗan majalisar birnin ne, Isadore Muchnick, ya yi barazanar hana ta izinin wasa ranar Lahadi, ɗan jarida Wendell Smith na jaridar Pittsburgh Courier kuma ya kawo samarin. Aka gwada su, aka yi musu sallama, shi ke nan, ba a sake nemansu ba. An cika ƙa'ida, an rufe bakin mai ƙorafi, ba a kuwa ɗauki kowa ba. Jethroe daga baya ya zama zakaran sababbin 'yan wasa na National League cikin 1950, a wata ƙungiyar ta birnin Boston ɗin nan. Red Sox kuwa ita ce ta ƙarshe cikin ƙungiyoyi 16 da ta sa baƙar fata a fili, sai cikin Yuli 1959. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamitin ganawa da an riga an san wanda za a ɗauka ya san irin wannan gwaji.

To, me ya karya yarjejeniyar? Akan ba da labarin kamar alherin mutum ɗaya ne, watau Branch Rickey, shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers. Rickey ya yi nasa ƙoƙarin, ba mu musu, amma ya tarar an share masa fage. Jaridun baƙar fata sun shekara fiye da goma suna matsa lamba. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa tambayar ta yi nauyi: in mutum ya isa ya mutu a fagen fama saboda ƙasarsa, don me bai isa ya riƙe gora a filin wasanta ba? Landis ya rasu cikin Nuwamba 1944, cikin 1945 kuma jihar Niyok ta kafa dokar da ta hana nuna bambancin launi ko addini wajen ɗaukar aiki. Har ila yau Rickey ɗan kasuwa ne, ya san akwai gwanaye da 'yan kallo da sauran ƙungiyoyi suka yi watsi da su. Wanda ya zaɓa kuwa ba baƙon gwagwarmaya ba ne. Robinson ya yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, inda ya yi fice a wasanni huɗu, ya zama hafsa a rundunar soja, kuma cikin 1944 an gurfanar da shi gaban kotun soja bayan ya ƙi komawa kujerar baya a cikin motar bas, kotun ta wanke shi.

Ran 18 ga Afrilu 1946 ya fara wasa wa ƙaramar ƙungiyar Dodgers ta Montreal a Kanada. Sau biyar ya riƙe gora a ranar, sau huɗu ya dace, ciki har da homran. Shekara guda bayan haka, ran 15 ga Afrilu 1947, yana da shekara 28, ya tsaya a zango na farko a filin Ebbets da ke Brooklyn, gaban 'yan kallo kimanin 26,000. Bai sami bugu mai kyau ba ran nan, amma ya kewayo gida sau ɗaya, Dodgers suka ci Boston Braves biyar da uku. Tun kafin wannan rana wasu abokan wasansa sun zagaya da takardar koke suna cewa ba za su shiga fili da shi ba, sai da mai horad da su, Leo Durocher, ya taka musu birki. Mako guda bayan fara wasansa, 'yan ƙungiyar Philadelphia, da jagorancin mai horad da su Ben Chapman, suka wuni suna yi masa zagin launi. Wasu otal-otal suka hana shi masauki, wasiƙun barazana suka riƙa zuwa. Duk da haka ya gama kakar yana dacewa da kusan uku cikin kowane bugu goma, ya fi kowa a rukuninsa satar zango har sau 29, aka ba shi kyautar zakaran sababbin 'yan wasa, wadda a shekarar aka fara bayarwa.

A nan ne masu wa'azin haƙuri sukan tsaya su ce ga shi nan, mai haƙuri yakan dafa dutse. Mu kam muna ganin wannan rabin karatu ne. Shirun da Robinson ya yi sharaɗi ne da Rickey ya gindaya masa, cewa komai aka yi masa kada ya rama a shekarun farko, domin kada a sami hujjar rufe ƙofar. Ya cika alkawari, amma daga 1949, shekarar da aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa daraja a rukuninsa, ya shiga mayar da martani, kuma bai daina magana kan wariya ba har ya rasu cikin Oktoba 1972 yana da shekara 53. Sa'an nan akwai abin lura na biyu. Sai da aka nemo mutumin da ya fi kusan kowa kafin a yarda ya tsaya kusa da wanda bai kai rabinsa ba. Muddin wanda aka ware sai ya zama gagara-gasa kafin a ba shi abin da ake bai wa kowa, to wariyar tana nan, ta dai ɗaga farashinta ne.

Buɗe ƙofar ma ya zo da asara, wadda ba masu biki suka biya ba. Rickey bai ba ƙungiyar Kansas City Monarchs ko anini ba a kan Robinson, alhali a can ya same shi. Da manyan ƙungiyoyi suka shiga tsince gwanaye, 'yan kallo suka bi su, sai rukunan baƙar fata suka durƙushe; ɗaya daga manyansu biyu ya watse a ƙarshen 1948. An ɗauki 'yan wasa, an bar masu ƙungiya da masu horarwa da alƙalan wasa da magatakarda ba wurin zuwa. A lokacin da Robinson ya aje gora bayan kakar 1956, ƙungiyoyi uku ba su taɓa sa baƙar fata a fili ba.

Dubi kuma tsawon lokacin da sauran matakan suka ɗauka. Sai ran 11 ga Afrilu 1966 aka ga alƙalin wasa baƙar fata a manyan rukunai. Sunansa Emmett Ashford, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ya shekara 15 yana alƙalanci a ƙananan rukunai kafin a kira shi yana da shekara 51. Cikin Afrilu 1968, bayan an harbe Martin Luther King, sai da 'yan wasa, musamman na ƙungiyar Pittsburgh su Roberto Clemente, suka ce ba za su shiga fili kafin a binne shi ba, sa'an nan aka ɗage buɗe kakar zuwa ran 10 ga wata.

Ranar da ta fi kowace tona asirin zukata ita ce 8 ga Afrilu 1974. Babe Ruth ya bar wasa cikin 1935 da homran 714, adadin da Amurkawa suka ɗauka ba mai kamo shi. Henry Aaron, mutumin Mobile a jihar Alabama, wanda ya fara da rukunin baƙar fata cikin 1952, ya gama kakar 1973 da 713. Ɗaruruwan dubban wasiƙu suka zo masa, da yawa na fatan alheri, amma a ciki akwai masu alkawarin kashe shi, har sai da aka sa masa mai gadi. Ran 4 ga Afrilu a Cincinnati, da lilon gorarsa na farko a kakar, ya kamo Ruth. Kwana huɗu bayan haka a Atlanta, gaban mutum 53,775, ya wuce shi. Shekara 27 ke nan bayan Robinson, amma har lokacin akwai waɗanda suka yarda baƙar fata ya yi wasa, ba su yarda sunansa ya hau saman littafin ba. Aaron ya tsaya a 755 cikin 1976, adadin da ya daɗe a sama har Barry Bonds ya wuce shi cikin 2007.

Kwana tara kafin rasuwarsa, Jackie Robinson ya faɗa a gaban taro cewa burinsa shi ne ya ga baƙar fata yana jagorancin ƙungiya. Bai gani ba. Sai ran 8 ga Afrilu 1975 Frank Robinson, wanda suna kawai ya haɗa su, ya fito a matsayin manajan Cleveland kuma ɗan wasanta, ya buga homran a riƙon gorarsa na farko. Shekara 12 bayan wannan, ran 6 ga Afrilu 1987, aka gayyaci Al Campanis, babban jami'in Dodgers, gidan talabijin don tunawa da cikar shekara 40 da shigar Robinson. Da aka tambaye shi dalilin ƙarancin baƙar fata a kujerun shugabancin wasan, sai ya ce mai yiwuwa ba su da wasu halayen da aikin ke bukata. Campanis ya yi wasa tare da Robinson a Montreal cikin 1946. Kwana biyu bayan maganar ya rasa aikinsa. Laifinsa a wurin abokan aikinsa shi ne ya furta da baki abin da aka saba aikatawa a ɓoye, gama dokar da ba a rubuta ba, ba ta jure a faɗe ta a fili.

Ran 15 ga Afrilu 1997 aka ba da sanarwar cewa ba za a sake bai wa wani sabon ɗan wasa lamba 42 ba a duk manyan rukunai. Karramawa ce da ta dace. Amma Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Baƙaƙen fatan Amurka sun kai kimanin kashi 18 cikin 100 na 'yan wasan manyan rukunai cikin 1991, cikin 2024 kuwa kimanin kashi 6 ne, kuma a wasan ƙarshe na 2022 babu ko ɗaya a ƙungiyoyin biyu, karo na farko tun 1950. Masu nazari sukan ambaci tsadar horon yara da janyewar matasa zuwa ƙwallon kwando da ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Watau kuɗi ya gaji wani ɓangare na aikin da yarjejeniyar da ta yi. A ɗaya gefen kuwa filin ya faɗaɗa ga 'yan Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da Japan, kuma ran 26 ga Afrilu 2017 Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya zama ɗan wasa na farko haifaffen nahiyar nan da ya shiga manyan rukunai, ya kuma dace a bugunsa na farko. Littafin ma an gyara shi. Cikin Disamba 2020 hukumar wasan ta amince cewa rukunan baƙar fata na 1920 zuwa 1948 manya ne, cikin Mayu 2024 aka haɗe lissafinsu da na sauran, sai ga Josh Gibson ya hau kan Ty Cobb a matsayin wanda ya fi kowa yawan dacewa a bugu, shekara 77 bayan an binne shi.

Abin da muke so ɗalibai da matasan ma'aikata su ɗauka daga wannan tarihi bai wuce aikin tebur ba. Wariya ba lalle ta zama ta launi ba. Tana iya zama ta gari, ko harshe, ko gidan da mutum ya fito, ko don mace ce. Alamarta ɗaya ce ko'ina: ba a samunta a cikin fayil, kuma kowa yana iya rantsuwa cewa babu ita. Saboda haka muna kira ga duk wanda aka sa cikin kwamitin ɗaukar aiki, ko ƙarin girma, ko ba da gurbin karatu, da ya nace a rubuta ma'aunin zaɓe tun kafin a ga sunayen masu nema, a kuma rubuta dalilin ƙin wanda aka ƙi, domin abin da ke rubuce ana iya ƙalubalantarsa. Kada ya sa hannu a takardar ganawar da ya san gwajin Boston ce. In an nuna masa mutum ɗaya ko biyu a ƙasan tsani a matsayin shaidar adalci, ya ɗaga kai ya ƙirga na sama.

Sa'an nan kada ƙaramin ma'aikaci ya ce ba shi da ta cewa sai ya zama babba. Sa'ad da takardar koken nan ta zagaya cikin 'yan Dodgers a farkon 1947, Pee Wee Reese, mutumin Kentucky wanda ya tashi a ƙarƙashin dokokin wariya, ya ƙi sa hannu, kuma ƙin nasa na cikin abubuwan da suka kashe ta. Ba shi da ofis, ba shi da ikon ɗauka ko kora. Irin wannan takarda za ta zo teburin yawancinmu wata rana, mai yiwuwa da murmushi da kalmar "ai ka gane", kuma muna roƙon wanda ta zo wa ya mayar da ita yadda ta zo.